Rijiyar Mai Haƙar Salga

Kakata Kubura, wadda ta haifi babana, ba ta yarda a ce mahaifinta mai haƙar salga ne. In ka faɗa a gabanta sai ta ajiye abin da ke hannunta ta gyara maka zance, ta ce mai haƙar rijiya ne, salga tsautsayi ce ta faɗa masa. Ni dai na daɗe da daina gyara wa kowa. Malam Maharazu ya haƙa rijiya, ya haƙa salga, kuma a unguwarmu ta gindin duwatsun Dutse da wuya ka sami gidan da bai ci moriyar hannunsa ba, ko da yake ba kowa ke son a tuna masa ba. Abin da zan faɗa daga bakin Kubura na ji shi, sai ɗan abin da na tsinta wurin tsofaffin da suka gan shi da idonsu.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, kuma Allah bai yi shi don zama ba. Tuwo ma a tsugune yake ci, ƙafa ɗaya a gaba, sai ka ce jira yake a kira shi. In aka idar da salla, kafin liman ya shafa addu'a shi ya riga ya lalubo takalmansa. Matarsa Rakiya takan ce ta fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa, don kullum fita yake yi.

Haƙar rijiya gadonsu ce. Shi da ƙanensa Sale wurin ubansu suka koya, shi ne mai shiga, Sale ne mai jan igiya a sama. Ƙasar Dutse kuwa ba ta da mutunci. Sama rairayi ne mai zubowa, in ka wuce shi ka ci karo da marmara, in ka ci ƙarfin marmara kuma wani lokaci sai dutse ya tare ka, ka fito ka koma gefe ka sake sabon lale. Duk da haka daga Kiyawa har Jahun an san 'ya'yan gidan nan biyu. Ranar da ruwa ya fito, a yadda suka gada, mai haƙa shi zai fara kurɓa daga can ƙasa, sannan a jawo ƙwarya ta biyu a miƙa wa dattijon wurin, a yi addu'a, a raba waina. Kubura ta ce ubanta bai taɓa ba da labarin ranar aurensa ba, amma duk rijiyar da ya haƙa yana iya gaya maka ɗanɗanon ruwanta.

Bayan zuwan Nasara da 'yan shekaru sai aka yi farin nan da ya jawo babbar yunwa. Za ka ce ai lokacin fari ne aka fi neman mai rijiya, kuma gaskiya ne, sai dai wanda ba shi da abin da zai sa a bakin 'ya'yansa ba ya ɗaukar ma'aikata biyu ya ciyar da su. Aiki ya tsaya cik. Gidan Maharazu aka koma cin tafasa da dusa, Kubura tana ƙarama, wuyanta ya zama kamar kara.

A unguwar nan mutum ɗaya ne rumbunsa bai ƙare ba, wato Mai unguwa Jaji. Shi kuma wata masifar ta same shi: salgar gidansa ta rufta, gida cike da mata da yara, ga baƙi kullum a zaure. Da can bayi ke wannan aiki, to zuwan Nasara sun watse, kowa ya kama gabansa. Ya aika a kira Maharazu, ya ce ya binne masa tsohuwar ya haƙa sabuwa, zai ba shi gero.

Maharazu ya fito saɓe da dagi, wato ƙarfen haƙa, sai Sale ya tare shi a ƙofar gida.

Ya ce, "Yaya, in ka sa daginka a gidan nan, ba wanda zai sake kiranka rijiya. Ka san halin mutanenmu."

Maharazu ya ce, "Sabon rami zan haƙa a ƙasa mai tsarki. Me ya raba shi da rijiya in ba abin da za a zuba daga baya ba?"

"Ni ba sai ka gaya mini ba. Su za ka gaya wa, kuma ba za su ji ba."

"To ka shiga ciki ka dubi yarinyar can, ka fito ka sake faɗa mini."

Sale bai shiga ba, Maharazu kuma bai tsaya ba. Ya yi aikin, ya dawo da gero a kansa, gidan ya ga bayan yunwa babu wanda aka binne.

Da ruwa ya dawo, gyaɗa ta fara kuɗi saboda jirgin ƙasan da ya iso Kano, mutane suka sami sukunin haƙa rijiyoyi, sai ga maganar Sale ta tabbata. Aka riƙa zuwa ƙofar gida ana sallama da Sale, a gaida Maharazu da mutunci, a wuce. Maharazu ya je maƙera aka ƙera masa sabon dagi, ya saƙa sabuwar igiya, ya riƙa yawo da su a kasuwa don kowa ya gani. Ba wanda ya ce masa ci kanka. Wani mai gari a wajen Jahun ma ya fito fili ya ce wa Sale in dai da yayansa za su zo, to a bar aikin, don matan garinsa ba za su sha ba. Sale ya yi ta kwana yana juyi, daga ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya koma Kiyawa, ya ɗauki wani ya riƙa ja masa igiya. Ba su yi faɗa ba, kuma har yanzu ban san ko hakan ya fi sauƙi ba.

Wannan abu yana ba ni haushi duk sanda na tuna. Mutumin da zai tsuguna a kan aikinka safe da yamma, shi ne kuma zai ware maka ƙwarya ta daban in ka nemi ruwan sha a gidansa. Haka suka yi masa. A gidaje da yawa akwai wani tsohon ƙoƙo da ake ajiyewa a kan danga, yara sun san na Baba Maharazu ne, ba a haɗa shi da sauran.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama, aka ce na Nasara ne, mai shela ya bi unguwa-unguwa yana faɗa: kowane gida ya yi salga, a daina zuwa bayan duwatsu, duba-gari zai zo ya duba. Ko duba-garin ya taɓa zuwa unguwarmu, ban sami wanda ya tabbatar mini ba, amma tsoronsa ya zo. Aiki ya yi wa Maharazu yawa har ya rasa inda zai sa kansa. Rakiya ce ta koma jan igiya, don babu namijin da ya yarda a gan shi a bakin ramin.

A nan ya tafka kuskuren da ba wanda zai yi shi sai mai haƙar rijiya. Salga a yadda aka saba ba ta da wani zurfi: baki tsukakke, ciki ya buɗe kamar randa, in ta shanye tsayin mutum da ɗan ƙari sai a tsaya, a jera azara a kai, a dasa wuyan tsohon tulu a tsakiya, a daɓe da ƙasa. In ta cika a binne ta a koma gefe. Shi kuwa hannunsa bai san tsayawa a busasshiyar ƙasa ba. In ya shiga rami sai ya manta abin da aka sa shi, ya yi ta nutsawa, ya fasa marmara, ya ci gaba, sai ya damƙo ƙasa ya ji ta yi sanyi tana dunƙulewa a tafinsa sannan hankalinsa zai kwanta ya nemi fitowa.

Rakiya takan leƙa daga sama, hannuwanta duk sun yi kanta, ta ce, "Malam, wai ruwa kake nema a ciki? Ka fito haka nan, ba sha za su yi ba."

Ya ce, "Ja kwandon, Rakiya. Aikin da zan yi sau ɗaya ba na son a sake kirana a kansa."

Masu gidaje kuwa daɗi suka ji. Salgar Maharazu ba ta cika, aka ce, ƙasa ce ke shanye komai. Ba wanda ya tambayi inda ƙasar ke kai abin da ta shanye, shi ma bai tambaya ba. Rijiyar da unguwa ke sha tana can nesa a bakin fadama, don haka shekaru suka yi ta wucewa ba a ga komai ba.

Maganar ba ya son a sake kiransa kuwa, faɗa kawai yake yi, don ba ya jira a kira shi. In aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ba ta gama tsanewa ba za ka gan shi yana bin gidaje, wando a naɗe, yana sallama yana cewa mata su kauce zai shiga bayan gida. Ya taka daɓen da dunduniya ya saurara. Ya tsokani kan azara da tsinke ko gara ta shiga. In ya ga tsaga ya kwaɓa ƙasa ya liƙe nan take, in ya ga rariyar wanka ta karkato wajen ramin ya sa hannu ya juya mata hanya. Duk yana yi yana faɗa. Wadda ta fi shan faɗan nan ita ce Lauratu, maƙwabciyarsu, mace mai baki wadda ba a kayar da ita a zance.

"Lauratu, ina kaskon da na ce a riƙa rufe bakin nan da shi?"

"Yara sun fasa, Malam."

"Toka fa? Murhunki ba ya haihuwar toka? Kullum da safe ki zuba, ƙudaje su rage, wari ya kwanta. Kuma na ga alamar ruwan wanka kuke juyewa a ciki. Ranar da gefen ramin ya jiƙe ya zabtare da mutum a kai, kada a aiko mini."

"In ba a aiko maka ba wa za a aika wa? Kai da ko ba a aika ba kana tafe."

Sai ta kawo masa fura a ƙoƙon kan danga, ya sha a tsaye ya wuce gida na gaba.

Haka ya yi ta yi har furfura ta cika masa gemu, Kubura ta yi aure a nan cikin unguwa. Amma abu ɗaya bai bar shi ba. In ya ji labarin an sami ruwa a wata sabuwar rijiya, ranar ba ya iya cin abinci. Ya fita ya dawo, ya ɗauko sabon dagin nan da bai taɓa shiga salga ba, ya goge shi, ya mayar. So yake kafin ya mutu ya sake haƙa rijiya mutane su sha, ko guda ɗaya ce. Ba yabo yake nema ba. Ya gaji da zama mutumin da ake gudun hannunsa.

Wata kaka bayan an gama girbi ya ce wa Rakiya tun da ba wanda zai kira shi, zai kira kansa. Gidansu shi ne na ƙarshe a gangaren unguwa, akwai ɗan fili a ƙofar gida kusa da wani dabino. Nan ya zana da'ira da ƙafarsa.

Rakiya ta ce, "Malam, ni da kai mun tsufa da wannan. In ka haƙa ba su sha ba fa?"

"Sai mu sha mu kaɗai, kin huta da zuwa fadama."

"Ka san ba abin da ke ranka ke nan ba."

Kafin ta rufe baki ya riga ya kafa dagi.

Sun sha wahala. Rairayi ya zubo masa har ƙugu, sai da ya ɗaure gefen da itace. Marmara ta cinye masa bakin dagi, ya kai maƙera ya dawo. Da ya gamu da wani falalen dutse sai ya hura wuta a kansa yini guda, ya kwara ruwa ya tsage, ya fitar da shi gutsure-gutsure. Masu wucewa su tsaya su leƙa, wani ya ce, "Malam Maharazu, wannan salgar ta wace ce a bakin hanya?" a yi dariya. Ya ji su sarai. Cikin tsakiyar rani ruwa ya ɓulɓulo ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tara hannu ya kurɓa, ya daɗe a can ƙasa har Rakiya ta tsorata ta kira shi. Ruwa ne garai, mai garɗi, babu zartsi ko kaɗan.

Ya gyara bakin rijiyar da itace, ya rataye guga, Rakiya ta toya waina. Aka ci wainar, ba a sha ruwan ba. Mai unguwa Jaji, wanda shi ma ya tsufa a lokacin, ya zo ya sa albarka, da aka miƙa masa ƙwarya ya ce yana azumin nafila. Mata suka ci gaba da wucewa ta gaban rijiyar da tuluna a ka, su gaishe shi, su miƙe zuwa fadama. Fulani masu wucewa da shanu da fatake baƙi su kaɗai ke tsayawa, su sha su yi godiya, don ba su san tarihin kowa ba. Maharazu ya yi ta kewaya rijiyar nan, ya share bakinta, ya sake sharewa, ya leƙa hanya, ya koma ciki, ya fito.

Bazarar shekara ta gaba ce ta karya su. Zafi ya yi zafi, rijiyar fadama ta koma taɓo, mace ta yini a can ta dawo da rabin tulu na jan ruwa. Wata safiya sai ga Lauratu da tulunta, tana kallon wani wajen.

Ta ce, "Malam, na wanki zan ɗiba. Wanki kawai."

Ya ce, "Ɗibi, Lauratu. Rijiya ba ta tambayar abin da za a yi da ruwanta."

Ta ɗiba, ta dawo, ta sake dawowa, har Rakiya ta ce da alama gidan Lauratu sun buɗe sana'ar wankau. Kafin mako ya zagayo mata sun cika bakin rijiyar da hayaniya, ba mai ambaton wanki kuma. Randar zauren mai unguwa ma daga nan ake cika ta. Kubura ta ce ba ta taɓa ganin ubanta kamar a wannan lokaci ba. Yana yi wa tsofaffi jan guga, yana raba faɗan layi, yana dariya har ana ganin wawulonsa. Ƙoƙon kan danga dai bai sauko ba a yawancin gidaje, amma bai ƙara damuwa da shi ba. Ruwansa ne a cikin randunansu.

Ya ci wannan daɗi shekara biyu ko uku, Kubura ba ta riƙe daidai ba. Sai aka yi wata damina mai nauyi, irin wadda katangu ke faɗuwa, ruwan rijiyar ya hau sama har ana ɗiba da gajeriyar igiya. Wajen ƙarshen daminar yara suka fara zawo, gida-gida. Aka ce sabon gero ne, aka ce ɗanyar gyaɗa ce. Wani jariri a gidan Lauratu, jikanta, bai tashi ba. Aka yi masa sutura, aka ce kwana ne ya ƙare.

Maharazu ya dawo daga maƙabarta ya ɗebi ruwa a randa zai sha, sai ya tsaya da ƙwaryar a bakinsa. Ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya tofar. Wani abu ne kaɗan, wanda in ba ka yi shekaru kana shaƙarsa ba ba za ka kama shi ba. Ya fita ya jawo sabo daga rijiya, ya sake gwadawa. Ya zagaya dabinon, ya dawo, ya sake jawowa. Daga nan ya ce wa Rakiya ta riƙe masa igiya.

Da ya sauka ya bi jikin rijiyar da hannu. Ta gefen da ke fuskantar unguwa, daidai inda marmara ta ƙare, ƙasa ta yi baƙi tana tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi. Ya san wannan shimfiɗar ƙasa, don a kanta yake tsayawa a duk ramin da ya haƙa a gidajen da ke sama da shi. Shi da kansa ya fasa marmarar da za ta tare ƙazanta, ya kai kowace salga har bakin hanyar ruwa, sannan ya zo ƙarshen gangare ya haƙa rijiya ya tare ta. Da ya fito Rakiya ta tambaye shi abin da ya gani. Ya ce, "Aikina na gani."

Bai ko sake riga ba ya tafi zauren mai unguwa, ya tsuguna ya faɗi komai, bai rage ba.

Jaji ya ce, "Malam Maharazu, ruwan nan shi na sha yau da safe, ban ji komai ba. Ganye ne ya faɗa ciki. A yashe ta, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, ko an yashe ta zai dawo. Ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa. Daga gidanka yake zuwa, da gidan Lauratu, da duk inda na haƙa."

"Kai kaɗai ka ji, kai kaɗai ka gani. In ka yi shiru wa zai sani? Da rani ya shiga ruwan zai ja baya."

"Wata daminar kuma fa?"

Mai unguwa ya ja gemu. Can ya ce, "To in dole ne, kada ramin ya tafi a banza. Ka jera masa azara ya zama salgar baƙi, ga shi a bakin hanya."

Kubura ta ce wannan maganar ta fi komai yi wa ubanta ciwo, amma abin da ya ce kawai shi ne in aka yi haka rijiyar fadama ma ba za ta tsira ba, tunda can ruwan ke gangarawa.

Ya cire gugan ya shigar gida. Mata suka zo da nasu. Ya tsaya a bakin rijiya yana korar su, waɗannan matan da ya shekara yana leƙen hanya ko za su zo. In ya juya baya ya tafi duba wata salga, kafin ya dawo sun cika tuluna. Lauratu da kanta, idonta bai gama bushewa ba, ta tsaya gabansa da tulu.

Ta ce, "Malam, da ka haƙa mun ƙi sha ka ji haushi. Yanzu mun sha ka ce mu bari. Ƙafafuna ba za su iya fadama ba kuma. Ka bar mu, abin da Allah ya rubuta ba ruwanka ne ya kawo shi ba."

Ya ce, "Ban sani ba, Lauratu. Shi ya sa ba na iya barci. Akwai sauran yara a gidanki."

Washegari ya fara zuba ƙasa a cikin rijiyar. Tulin da ya fitar yana nan a gefe, ciyawa ta rufe shi, ya riƙa sara yana cika kwando yana juyewa. Rakiya ta fito za ta taya shi ya ce ta koma, ta ja ƙasar nan sama sau ɗaya, ba za ta mai da ita ba. Mutane suka tsaya daga nesa suna kallo, kuma kafin ramin ya cika magana ta zagaya unguwa cewa dama an faɗa, ruwan mai salga ba ya shawuwa. Har yau in na tuna masu wannan magana raina ɓaci yake yi, don cikinsu babu wanda bai yi murna da zurfin salgarsa ba.

Bai tsaya jin su ba. Ranin nan gaba ɗaya ya bi gidajen yana zuba ƙasa da toka a cikin zurfafan ramukan yana binne su, yana haƙa gajeru a gefe, waɗanda ba su taɓa marmara ba. Wasu suka yarda, wasu suka yi ta gunaguni cewa yanzu za ta riƙa cika. Da ya ga ya ci rabin aikin sai ya saɓa sandarsa ya nufi Kiyawa a ƙasa, wurin ƙanen da rabonsu da zama tare tun bayan yunwa. Ya gaya wa Sale unguwa ba ta da ruwa, ya zo ya haƙa musu, shi ya ga wuri a sama da gidaje, ta wajen duwatsu, inda ba abin da ke gangarowa sai ruwan sama.

Sale ya zo da mutanensa. Mai unguwa ya amince, amma dattawa suka sa sharaɗi, kuma a gaban Maharazu suka faɗa: ya nuna wuri, amma kada ya taɓa igiya ko dagi ko kwando. Sale ya buɗe baki zai yi magana, Maharazu ya ce masa ya bari, ruwa ake nema.

Kullum yana can, daga bayan tulin ƙasa, yana kai da kawowa. Aiki ya yi nisa, aka wuce marmara, sai Sale ya gamu da wata ƙasa da bai gane mata ba, ya rasa ko ya ci gaba ko ya koma gefe. Muryarsa ta taso daga cikin rami.

"Yaya, zo ka duba mini ƙasar nan."

Maharazu ya taka da sauri har ya kusa bakin ramin, hannunsa a miƙe wajen igiya. Sai ya ga duk waɗanda ke wurin sun juyo suna kallon hannun. Ya tsaya. Ya mai da hannuwansa baya ya haɗe su, ya ja da baya.

Ya ce, "A juye kwandon a nan, ina gani."

Aka juye a gabansa. Ya sunkuya ya dubi ƙasar, hannuwansa na baya, ya daɗe yana dubawa.

Sannan ya ɗaga murya yadda na cikin rami zai ji, ya ce, "Ci gaba, Sale. Ruwa na kusa, kuma mai kyau ne. In ya fito ka sha mini."